Ciwon da Bai Shiga Littafi Ba

Ku magidantan Tamaske, musamman ku da kuka girma a gabanmu, ina da magana da ku, kuma ba faɗa zan yi ba. Wata ɗabi'a ce nake ganin tana yawa. Yaro ya kwana da zazzaɓi, wuyansa ya sanƙare, ko babba ya wuni yana amai da zawo, sai a saki labule, a aika kasuwa a sayo ƙwaya wajen mai tallar magani, a ce kada maƙwabta su ji. Sai jiki ya saki sannan a fara neman amalanke. Wannan bai kyautu ba, 'ya'yana. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na san abin da za ku ce. Gidan likita ya yi wa mutanen ƙauye nisa, ma'aikata kaɗan ne, wani lokaci ka je a miƙo maka takarda ka sayo maganin da kanka, alhali tun 2006 aka ce jinyar yaro ɗan ƙasa da shekara 5 kyauta ce. Ban musa ko ɗaya ba. Amma akwai abin da ba ku lura da shi ba, wato wannan babban littafin da majo, babban ma'aikacin gidan likita, yake rubutu a ciki yana tambayarka sunan gari da shekarun yaro. Kowane mako yana ƙirga masu sankarau da ƙyanda da kwalara, ya aika Keita, Keita ta aika Tawa, Tawa ta aika Yamai. A kan sankarau, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce in aka samu mutum 3 cikin 100,000 a mako guda, a shiga shiri; in sun kai 10, annoba ce, a nemo allurar rigakafi. To wanda ya cika a ɗaka, aka yi masa sutura kafin azahar, a ina zai shiga lissafin? Mutanen Yamai sifili za su gani, su ce Tamaske lafiya lau.

Haka zancen ɗibar ruwan baya, da wasunku ke ɗauke yaro su gudu saboda shi. Allurar tana da ban tsoro, uwa kan kau da kai, na yarda. Amma ruwan nan shi ake kaiwa cibiyar bincike ta CERMES a Yamai a gane irin ƙwayar cutar, domin sankarau iri-iri ne. Rigakafin da aka fara a 2010 na nau'in A ne. A 2015 sai nau'in C ya ɓarke, ya kama wajen mutum 8,500 a Nijar, sama da 570 suka rasu. Ba don gwaji ba, da wa zai san allurar da aka yi a baya ba ta tare wannan?

Kada kuma ku ɗauka abin na nesa ne. A 2016 wani zazzaɓi da ke tasowa daga dabbobi ya kashe mutane a yankin Cintabaradan, bisashe na ta ɓari, sai da aka kai jini Dakar kafin a tabbatar da shi. A daminar 2024 kwalara ta ɓulla a Buza da Madawa da Kwanni. Mutanen Buza kuwa kasuwa ɗaya muke ci da su, auratayya ma akwai.

Ku ma'aikatan lafiya, ku ma ga taku. Macen da ta kawo yaro a makare, in aka tarbe ta da tsawa, gobe ba za ta zo ba, kuma za ta hana kishiyarta zuwa. A duba yaron tukuna, faɗan ya biyo baya.

Sai ku masu tafiya bida, Abijan ko Legas ko Libiya. Sau da yawa jinkirin daga gare ku yake: mace na zaune da yaro a cinya tana jiran wayarka ta shiga kafin ta fita. Kafin ka hau mota bana, ka bar izini a gaban mahaifinka ko wanka, ka ajiye kuɗin kabu-kabu daban, ka ce duk ranar da yaro ya kwana da zafin jiki a kai shi likita da safe, a sanar da kai daga baya.