Tura Tambayoyin Jarrabawa a Waya: Taimako Ne Ko Tauye Mudu?

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan fitowar, wata tambaya ce da wani matashi ya tare mu da ita a ƙofar masallaci bayan sallar Isha'i, a makon da ake rubuta jarrabawar JAMB. Mun ba shi amsa a tsaye, a gurguje, muna neman takalmi. Da muka koma gida sai muka ga amsar ba ta ƙoshi ba, kuma ba shi kaɗai yake bukatarta ba.

Yaron kirki ne, mahaifinsa yana gadi a wani gida a Maitama. Ya ce, "Malam, ni na rubuta tawa tun ranar farko da safe. Da na fito sai na zauna na tuno tambayoyi kamar ashirin, na tura a zauren WhatsApp ɗinmu saboda 'yan'uwa masu shiga gobe da jibi. Wallahi ko sisi ban karɓa ba. Sai wani ya ce wai na yi haramun. Ashe ba ku kuke mana wa'azi cewa ɓoye ilimi zunubi ne ba?"

To, ga iyayen da ba su san yadda abin yake tafiya ba, bari mu ɗan yi bayani. Tun 2015 JAMB ta koma yin jarrabawarta da kwamfuta baki ɗaya. Yaro zai dangwala yatsa ya shiga, ba waya ba takarda, a ba shi tambayoyi 180 a darasi huɗu cikin awa biyu, maki kuma 400 ne. Saboda masu rubutawa sun fi ƙarfin kwamfutocin da ake da su, sai a raba su kwanaki, kowace rana ma a raba ta rukuni-rukuni. A 2025 sama da mutum miliyan 1.9 suka zauna. Kun ga ke nan wanda ya fito da safe yana ɗauke da abin da na yamma yake nema a ka. Yaran suna cewa tambayoyin ba iri ɗaya ake ba kowa ba, amma wasu kan maimaitu, kuma a kan wannan maimaituwar ake kafa zaurukan WhatsApp da Telegram.

Abu uku ne a nan da ake cakuɗawa, mu raba su tukuna. Tambayoyin shekarun baya, waɗanda ake sayarwa a littafi a kowace kasuwa, babu komai a kansu. Jarrabawar ta wuce, sun zama abin bita, wanda ya raba su kyauta ma muna masa fatan lada. Sai wanda ya ɓalle ambulan kafin lokaci ko ya haɗa baki da ma'aikaci ya fitar da takarda ya sayar, abin da yara ke kira ekspo. Wannan ɓarawo ne, ba ya bukatar dogon bahasi. Na ukun shi ne na yaronmu: bai saci takarda ba, bai karɓi kuɗi ba, abin da idonsa ya gani ya faɗa, kuma da niyyar alheri. Nan ne maganar take.

Mu dai ba manyan malamai ba ne. Islamiyya muka yi, sai ɗan abin da muka tsinta a zaure, sana'armu kuma sayar da hatsi. To amma shekarun da muka yi muna auna wake da shinkafa sun koya mana abu ɗaya game da mudu. Mudu ba na mai sayarwa ba ne, ba kuma na mai saye ba. Na kasuwa ne. Amfaninsa duka shi ne mutumin da ba ya wurin ya yarda da shi. Matar da ta aiko ɗanta daga Mpape ya sayo mata mudu biyu, ba ta ga awon ba, amma ta ɗora tukunya da sanin abin da mudu biyu yake nufi. Ranar da muka bubbuga gindin mudunmu ya shige ciki, ko muka ajiye babba a ƙarƙashin tebur don abokanmu, ba mutum ɗaya muka cuta ba, kalmar mudu muka lalata. Shi ya sa Alƙur'ani ya ware sura guda, Suratul Muɗaffifina, ya buɗe ta da narkon azaba ga masu tauye awo, kuma mun san ƙarshen mutanen Madyana da Annabi Shu'aibu (AS) ya yi ta ja wa kunne kan ma'auni.

Jarrabawa mudu ce. Ba a yi ta don ta koyar da yaro komai ba, an yi ta ne don a auna abin da ya riga ya sani, a rubuta a takarda, mutumin da bai taɓa ganinsa ba ya yarda. Idan yaro ya shiga ya tarar da tambaya biyar da ya haddace amsarsu daren jiya a waya, bai ƙaru da ilimin lissafi ko kimiyya ba. Makinsa ne kawai ya ƙaru. Saboda haka maganar ɓoye ilimi ba ta shigo nan ba. Ilimin shi ne sanin yadda ake warware lissafin, wannan kuwa ka koyar da shi dare da rana ga duk wanda ya nema. Sanin cewa tambaya kaza za ta fito gobe kuma amsarta ta uku ce, wannan ba ilimi ba ne, sirrin ma'auni ne da aka ba ka amana lokacin da ka dangwala yatsa ka shiga.

Akwai wata mas'ala a babin ciniki da ta fi kama da wannan, kuma 'yan kasuwa sun san ta. Manzon Allah (SAW) ya hana tarbar fatake a hanya a saye kayansu kafin su iso kasuwa. Hadisin yana cikin Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim. Ku duba fa, mai tarbar nan bai yi sata ba, da kuɗinsa ya saya, mai kayan kuma da yardarsa ya sayar. To me ya sa aka hana? Malamai sun yi bayani iri biyu. Imamu Shafi'i ya kalli bafataken, wanda bai san farashin gari ba tukuna. Imamu Malik kuwa ya kalli mutanen kasuwa, waɗanda suka zauna a inda aka ce kowa ya zauna suna jira, wani ya zagaya ta bayansu ya riga su. A duka fahimtar biyu, wanda aka kare haƙƙinsa mutum ne da ba shi da labarin abin da ake yi. Yaronmu da ya tura tambayoyi, fuskokin abokansa ashirin ko talatin yake gani. Wanda ba ya gani ita ce yarinyar da ta taso daga wani ƙauye a Abaji ko Kwali, ba ta da babbar waya, ba ta cikin kowane zaure, ta yi wata shida tana karatu da fitila. Gurbin karatun likita ko lauya ƙidayayye ne. Idan maki huɗu ya ɗaga wani ya shiga, to akwai wanda ya sauka, sai dai ba za mu taɓa sanin sunansa ba. Shi kansa yaron ma, da ya shiga ranar farko ba wanda ya tura masa komai, yana cikin waɗanda ya cuta.

Da muka faɗa masa haka sai ya kawo hujjar da ta fi ta farko nauyi, kuma ba za mu yi kamar ba mu ji ta ba. Ya ce, "Malam, gidan da Baba yake gadi, yaran gidan kowane darasi da malaminsa, kowa da kwamfutarsa. Ni sai ana saura wata ɗaya na fara taɓa kwamfuta. Wane mudu ɗaya ake auna mu da shi?"

Gaskiya ya faɗa. Mu da muke zaune a gefen Maitama ba sai an ba mu labari ba, kullum muna ganin motocin da ke kai yara makarantun da kuɗin zango ɗaya ya fi jarin shagonmu. Kuma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: a 2025 ɗin nan ita kanta JAMB ta amsa cewa matsalar na'ura ta ɓata sakamakon mutum kusan 380,000 a Legas da jihohin kudu maso gabas, har shugabanta Farfesa Is-haq Oloyede ya zubar da hawaye a gaban 'yan jarida, aka sake musu jarrabawa. Ba mu ce ma'aunin ba shi da aibi ba. Amma mu tambayi kanmu, idan awo ya lalace gaba ɗaya, wa zai fi shan wahala? Ɗan mai kuɗi idan takardar Najeriya ta zama banza, jirgi zai hau zuwa Ingila ko Masar ko Malesiya, in ya dawo kuma akwai wanda zai ɗaga waya a sama masa aiki. Ɗan mai gadi ba shi da kowa sai makinsa. Wannan jarrabawar, da duk lam'anta, tana cikin wurare ƙalilan a ƙasar nan da ba a tambayar ɗan wane ne kai kafin a ba ka lamba. Kuma in kasuwar sirri ta buɗe, kyauta ba ta daɗewa. Yau ɗan'uwa ne ya tura don Allah, gobe mai zaure ya ce sai an biya, jibi mai kuɗi ya sayi wanda ya fi naka inganci. Da yawa ma ƙarya ake sayar musu, a karɓi kuɗin yaro ta waya a toshe lambarsa.

Mun ma ga yadda abin yake komawa kan wanda bai ji ba bai gani ba. Ranar 28 ga Mayu 2025 aka jinkirta takardar Ingilishi ta WAEC, a wurare da yawa yara suka yi ta rubutu har dare da tocila da hasken waya, iyaye na tsaye a bakin ƙofa. Hukumar ta ba da haƙuri, ta ce ƙoƙarin toshe fitar tambayoyi ne ya jawo jinkirin. Waɗanda suka fitar suna kwance a gida, 'ya'yan mutane suna cikin duhu da sauro.

Ba sabon ciwo ba ne. Tun 1977 aka yi babbar fitar tambayoyin WAEC da har yau ake tunawa da ita. A 1984 gwamnatin soja ta sa ɗaurin shekara 21 kan maguɗin jarrabawa, a 1999 aka yi wata dokar mai tarar naira 100,000 ko ɗaurin da ya kai shekara uku ga wanda bai kai 18 ba. Duk ba su kashe abin ba, don ba a tsoron doka a kan abin da iyaye suke sa wa albarka.

A nan dole mu faɗi namu. Shekarun baya, lokacin da babbar 'yarmu za ta rubuta jarrabawar fita sakandare, makarantarsu ta aiko a ƙara wasu 'yan dubbai a kan kuɗin rajista, wai na haɗin kai. Mun san abin da ake nufi. Ba mu tambaya ba don kada a faɗa mana, muka ƙirga muka bayar, da yamma kuma muka shiga gaba muka ja sallah. Sakamako ya fito da kyau. Har yau idan muka ga takardar nan ba mu san nawa ne nata nawa ne na kuɗinmu ba, ita ma ba ta sani ba, kuma yarinya ce mai ƙoƙari da wataƙila da an bar ta da kanta ta ci. Wannan shakkar mu muka saya mata. Mun nemi gafarar Allah, mun kuma nemi tata. Saboda haka ba daga kan mumbari muke wa yaron nan magana ba.

Wani zai ce, to idan tambayoyin da ya tura ba ko ɗaya da ta sake fitowa fa? Sai mu ce Allah Ya kiyaye haƙƙin mutane, amma niyyar da alkawarin da aka karya suna nan. Mai hatsin da ya zuba tsakuwa a buhu bai kuɓuta ba don kawai buhun bai samu mai saye ba. Wanda kuma aka turo masa bai nema ba, kada ya buɗe, in ya gane abin da zauren yake yi ya fita. Mun san da wuya, ana saura kwana ɗaya, zuciya na dukan uku-uku.

Abin da ya halatta ya faɗa wa masu shiga bayansa yana da yawa: su isa da wuri, yadda ake dangwala yatsa, yadda ake matsawa daga darasi zuwa darasi, kada su daɗe kan tambaya ɗaya, agogo yana gudu fiye da yadda suke zato. Wannan duk hukumar ma so take a sani. Idan an gama jarrabawar baki ɗaya, ya zauna ya warware wa 'yan baya duk abin da ya tuna.

Wannan takardun da muke wahala a kansu, ƙarshensu nan Maitama suke biyowa. Hukumar jami'o'i ta NUC tana titin Aguiyi Ironsi, hedikwatar NYSC ma tana nan kusa. Daga can mai takarda zai fito ya zama wanda zai rubuta wa matanmu magani a asibiti, ya lissafa ƙarfen benen da za mu kama haya a ƙasansa.

Yaron ya goge saƙon a daren, ko da yake waɗanda suka gani sun riga sun gani. Bai gamsu da mu duka ba. Ya ce maganar yarinyar ƙauye ta shige shi, amma maganar yaran gidan da babansa ke gadi tana nan ba mu warware ta ba, kuma ba mu musa masa ba. Abin da muka iya shi ne muka roƙi kwamitin masallaci su ba da zauren Islamiyya ranakun Asabar da Lahadi bayan La'asar, shi da wasu ɗalibai biyu na jami'a su riƙa yi wa masu shirin baɗi bitar tambayoyin baya. Wani bawan Allah ya ba da aron tsohuwar kwamfuta guda ɗaya, ana neman ƙarin biyu da kuɗin man janareta. Mai hali ya same mu a shago ko bayan sallar Magariba.