Dinari Biyu da Alkawarin Dawowa

Mukan yabi Basamariye na Luka 10 domin ya ɗauki mai rauni daga bakin hanya. Amma mukan manta ya bar wa mai masauki dinari biyu, da alkawarin dawowa ya biya sauran.

Ciwon suga da hawan jini irin wannan dawowar suke bukata. Dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya, duk da haka manomin Kademi da bai yi rajista ba dawar rumbunsa yakan sayar ya je asibitin Gaya. Ranar da ta ƙare, shan magani ya tsaya.

Muna roƙon kowace ikilisiya ta keɓe musu baiko ɗaya a wata, Zumuntar Mata ta riƙe lissafi, matasa su raka su wurin rajista.