Kyautar da Ake Miƙawa a Shingen Hanya

 

Akwai irin finafinan nan na fasa-ƙwauri da samari ke taruwa suna kallo a waya, a Wurno da Rabah da Goronyo kamar ko'ina. A ciki ɗan fasa-ƙwauri ne gwani. Ya iso shinge da tsakar dare, ya cusa wa ma'aikaci kuɗi a hannu, a ɗage masa sanda ya wuce, 'yan kallo su yi ta tafi. Ba a cika nuna wanda ya yi hasara ba.

Ga mutanen gabashin Sakkwato wannan ba wasan kwaikwayo ba ne. Illela da Birnin Ƙonni suna kallon juna. An rufe iyakar a watan Agusta 2019, musamman saboda shinkafar waje da man fetur, ba a buɗe ba sai Disamba 2020, amma kaya ba su daina bin ɓarauniyar hanya ba. Manomin da ya yi noman rani da ruwan madatsar Goronyo shi ne ya kan kai shinkafarsa kasuwa ya tarar an karya mata daraja. Abin da ya fi wannan muni, hannun da ya saba karɓar kuɗi a kan buhu ba ya kwance buhun ya duba. Tun bayan rushewar gwamnatin Libiya a 2011 makamai ke kwararowa ta Sahara, kuma Goronyo ta san aikin bindiga: a Oktoba 2021 'yan bindiga sun kashe mutum fiye da 40 a kasuwarta.

Masu karɓa sukan ce ai kyauta ce, ko na goro. An riga an yanke wannan hukunci tun a Madina. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Annabi (S.A.W.) ya aika karɓar zakka, ya komo ya ware wani abu ya ce shi aka ba. Sai Manzon Allah ya hau mumbari ya nuna cewa da a gidan iyayensa ya zauna, da ba wanda zai kawo masa kome. Kujerar aka ba, ba shi ba. A ruwayar Abu Dawuda da Tirmizi kuwa la'ana ta haɗa mai bayarwa da mai karɓa.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma, a Kitabul Farƙ, ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu iko cikin al'adun zalunci na sarakunan da ya yaƙa. Ɗansa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, a Wurno kabarinsa yake.