Ruwan Wanke Gilashi da Ruwan Alwala

Sandar wanki mai ruwa doguwar sanda ce mai gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa tana shigewa cikin 'yar'uwarta, ana zaro ta gwargwadon tsayin da ake so a kai. A kanta akwai buroshi, siririn tiyo kuma yana bi ta cikinta ya kai ruwa har tsakanin gashin buroshin. Mai aiki yana tsaye a ƙasa zai goge gilashi, ya ɗauraye, ya bar shi ya bushe da kansa, ba sabulu, ba tsumma, ba tsani. Sana'ar ta bunƙasa a Birtaniya musamman bayan dokar 2005 ta aiki a wuri mai tsayi, wadda ta matsa wa ma'aikata su guji hawa matuƙar ana iya yin aikin daga ƙasa.

A Rogo Sabon Gari da Karaye, inda galibin gidaje ba benaye ba ne, aikin da ke buƙatar doguwar sanda shi ne tagogin sama na masallatan Juma'a, da gilasan asibiti da makaranta, sai kuma farantan sola da ke kan rufin shagon cajin waya ko saman tankin rijiyar burtsatse. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura, da yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta shimfiɗa ta a kan komai. Farantin da ƙura ta rufe wutarsa raguwa take yi, famfo ya yi sanyi, layin 'yan garuwa ya ƙara tsawo. Abin da aka saba gani shi ne yaro da bokiti da tsumma ɗaure a bakin gora. Zai wanke, faranti ya yi ƙyalli yana jiƙe, da rana ta busar da shi sai ga fararen ɗigo-ɗigo sun fito ko'ina. Alhali daga rijiyar da yaron ya ɗebo ruwansa aka ɗebi ruwan da liman ya yi alwala da asuba. Ta yaya ruwan da ya isa ya tsarkake bawa ya tsaya gaban Ubangijinsa zai gaza a kan gilashi? In kuma an tace ruwa har ya daina barin tabo, shin ya fi na rijiya cancanta ga alwala?

Amsar tambayar farko mai sauƙi ce. Duk ruwan da ya ratsa ƙasa da dutse yana narkar da wani abu daga cikinsu: alli, gishiri, ƙarfe da makamantansu. Ido ba ya ganinsu. In ruwan ya bushe, su ba sa tashi, sai su zauna a inda ɗigon yake. Ana auna yawansu da wata 'yar na'ura mai girman biro, ma'aunin TDS, da ke ba da lamba a lissafin kashi cikin miliyan. Ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya ta yarda da har 500. Ruwan teku yana kusan 35,000. Mai wanke gilashi kuwa da zarar lambar ta haura 10 ya fara tsammanin tabo, burinsa ya ga sifili. Ruwan dam, irin na Challawa da aka kammala a 1992 a yankin Karaye, matsalarsa biyu ce: laka da ido ke gani, wadda alif ke kwantarwa, da narkakken abin da alif ba ya taɓawa.

Fiƙihu kuwa da wani ma'auni yake aiki. Ɗalibin da ya karanta Ahalari da Ishmawi a zaure, ya wuce zuwa Iziyya da Risalar Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, ya san cewa abin da ake dubawa a ruwa uku ne: launi, ɗanɗano da ƙanshi. In ɗayansu ya jirkita da wani abu mai tsarki wanda ba ya tare da ruwa a al'ada, kamar nono ko sabulu ko mai, ruwan ya halatta ga al'ada, ya fita daga ibada. In najasa ce ta jirkita shi, ya fita daga duka biyun. Amma malaman Malikiyya sun yi togaciya: abin da ya jirkita ruwa daga mazauninsa, kamar gishirin ƙasa ko taɓo, ko abin da ya tsiro daga gare shi kamar gansakuka, ko daɗewa a wuri ɗaya, ba ya cutar da shi. Ke nan ainihin abin da ma'aunin TDS yake ƙirgawa, shi ne abin da shari'a ta ce a kau da kai daga gare shi. Ruwan teku, da lambarsa ta dubbai, hadisin da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa ya tabbatar da cewa mai tsarkakewa ne. Rijiya mai zartsi tana ɓata gilashi, ba ta ɓata alwala.

Abin yana juyawa ta ɗaya ɓangaren ma. Kashin tattabara da ya bushe a kan faranti babban abokin gaba ne ga mai sola, domin yana tare haske a wuri guda har wurin ya riƙa ɗaukar zafi, amma a mazhabar Malikiyya kashin abin da ake cin namansa mai tsarki ne matuƙar ba ƙazanta yake ci ba. Ɗigon fitsari kuwa zai iya bushewa a kan gilashi ba wanda ya gani, najasarsa tana nan. Ita na'urar ma iyakacin saninta shi ne yadda lantarki ke ratsa ruwa. Ba ta ganin ƙwayar cutar kwalara, ba ta jin sukari, ba ta shinshina fetur. Ruwa zai iya nuna ƙaramar lamba ya kwantar da gida guda. Saboda haka ma'aunai uku ne, na malami da na likita da na mai sana'a, kowanne yana amsa tambayarsa, kuma yawancin ruɗanin da ake shiga yana zuwa ne in an ɗauki amsar ɗaya aka kai wa ɗaya.

Dalilin da ya sa shari'a ta tsaya a kan ido da harshe da hanci a fili yake. Alwala wajibi ce a kan makiyayi a dajin Zarewa da manomin rake a fadama kamar yadda take a kan injiniya, kuma ba a ɗora wa mutane ibada da awon da ba su da shi. Akwai kuma dalili mafi zurfi. Hadasi ba datti ba ne da ke kan fata. Wanda ya fito daga wanka da sabulu, iska ta fita masa, jikinsa fes yake, amma ba shi da alwala. Shi ya sa kawar da hadasi yake buƙatar niyya, wanke najasa daga tufa kuwa ba ya buƙata. Babbar shaida ita ce taimama: in ruwa ya ɓace, ƙasa ce ke tsayawa a madadinsa, wato dangin ƙurar nan da mai sanda ya wuni yana yaƙi da ita. Da tsarkin ibada gogewar datti ne kawai, da ba a ce a bugi ƙasa a shafa a fuska ba.

Game da tambaya ta biyu, ruwan da aka tace har ya koma sifili ruwa ne sunansa, kuma alwala da shi ta inganta. Shaihu Halil a Muhtasar ya sanya ruwan da aka tara daga raɓa da wanda ya narke bayan daskarewa cikin masu tsarkakewa, wannan kuwa bai fi su baƙunta ba. Majalisar manyan malaman Saudiyya ma ta yanke a 1978 cewa ruwan ƙazanta da aka tace har launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa suka koma na asali ya tsarkaka. Sai dai ingancin bai zama fifiko ba. Babu ƙarin lada ga alwalar ruwan batir a kan ta ruwan tuƙa-tuƙa, kuma wanda ya fara neman hakan ya buɗe wa waswasi ƙofa.

Zaɓen kayan aiki daga ruwan yake farawa, sanda tana baya. Wanda ya sayi sanda mai tsada kafin ya auna ruwan garinsu ya yi gaggawa. In lambar ruwan ƙasa take da 100 ko kusa da haka, tukunyar rezin kaɗai ta isa, wato wasu ƙananan ƙwayoyin roba da ke kama gishirin ruwa yayin da yake ratsa su. In lambar ta yi sama, rezin zai riƙa ƙarewa da sauri, kuɗinsa ya cinye ribar, sai a sa matatar RO a gabansa, wadda ke tura ruwa da ƙarfi ta cikin wata fata mai ƙananan ƙofofi ta cire fiye da kashi 90 cikin ɗari, rezin ya ƙarasa ragowar. Ita ma fatar tana buƙatar masu gadi biyu a gabanta: matatar laka, da matatar gawayi mai cire kulorin, domin kulorin yana cinye ta. A ƙauye akwai hanya mafi araha, ruwan sama. Lambarsa ƙarama ce tun asali, in an bar zubin farko ya wanke kwano ya tafi sannan aka tara a rufaffen tanki. Matsalarsa ita ce lokacin da ake da shi ba shi ne lokacin ƙura ba, sai an yi tanadi tun daga Satumba.

Ita sandar, alminiyom yana da araha amma yana da nauyi, faiba tana da sauƙin kuɗi amma tana lanƙwasa in ta yi tsawo, zaren kabon ya fi duka rashin nauyi da tsayuwa, ya fi su tsada. Ga ginin da bai wuce hawa biyu ba, mita shida ko bakwai sun isa, kuma sandar da ta fi aikin tsawo kafaɗa take ci a banza. Abin da ba a wasa da shi shi ne waya: alminiyom da kabon duka suna ɗaukar lantarki, jiƙaƙƙiyar sanda kowace iri ce ma haka, a garuruwan da wayoyi ke ratsawa dab da rufi kuwa sai an ɗaga kai kafin a ɗaga sanda. Buroshi mai laushi ake so, musamman a kan sola. Ƙaramin famfo mai aiki da batir na bolt 12 yana tura ruwa daga jarka. Tagar da ke bayan ƙarafunan tsaro da ragar sauro kuwa sanda ba ta da abin yi da ita, aikin hannu ce.

In aiki ya ɓaci, ana bin sawun ruwan daga tushe zuwa gilashi. Ɗigo-ɗigo a duk faɗin gilashi yawanci rezin ne ya mutu, a auna ruwan a bakin matata, a sake aunawa a bakin buroshi, domin jarkar da aka taɓa zuba ruwan rijiya a ciki tana iya ɓata mai kyau. Layi-layi da suka gangaro daga sama dattin firam ne, ba a wanke shi ba, ko an taɓa shi a ƙarshe ya zubo. Gilashin da aka daɗe ana wankewa da omo yakan yi hazo a wankin farko da na biyu, har ragowar sabulun ta fita daga gefuna. Ruwa ya yi rauni, a duba tiyo ko ya karye, ko iska ta shiga famfo, ko batir ya yi sanyi, ko matatar laka ta toshe. Sanda tana zamewa, yashi ne ya shiga maɗaurin gaɓa, kuma a hunturu wannan kullum ne. Farantin sola ana wanke shi da sassafe ko da yamma, domin ruwan sanyi a kan gilashin da ya sha ranar azahar yana iya tsaga shi, ga shi yana bushewa kafin a ɗauraye. Akwai kuma kuskuren masu zaton tataccen ruwa shi kaɗai yana wankewa. Ba ya yi, sai an goga. Malikiyya ma sun wajabta cuɗawa a alwala da wanka, ba su wadatu da kwarara ruwa ba, ko da yake kamanceceniyar ta tsaya a nan.

Saura batun ɓarna, kuma a nan ne fiƙihu yake da magana kai tsaye a kan sana'ar. Ƙaramar matatar RO tana zubar da ruwa da yawa, sau da yawa fiye da wanda take tacewa. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu guda na awon Madina, wanda bai kai lita ba, yana wanka da sa'i zuwa mudu biyar, kuma Risala ta yaba ƙarancin ruwa tare da kyautata wankin, ta zargi wuce gona da iri. In ibada ba ta halatta ɓarna ba, ƙyallin taga bai isa ya halatta ta ba, balle a watan Afrilu lokacin da rijiyoyi suka ja baya, jarka ta yi tsada. Wanke farantin da ke ɗaga wa unguwa ruwa yana mayar da abin da ya ci har da riba. Wanke gilashin falo kullum da ruwan da aka tace ba shi da wannan uzuri.

Ruwan da matatar ta ƙi kuwa bai zama ƙazanta ba. Ruwan rijiyar ne dai, gishirinsa na asali ya ɗan ƙaru, kuma bisa ƙa'idar mazauni hukuncinsa bai sauya ba matuƙar wani baƙon abu bai jirkita shi ba. Ana iya tara shi a duro don alwala, da wanki, da yayyafin tsakar gida, da ban-ruwan shukar da ke jure zartsi. Wanda ya gangaro daga gilashi shi ne ake dubawa: in ƙurar ƙasa ce kawai ta gurɓata shi, ita ma daga jinsin mazaunin ruwa take, in kuwa ragowar sabulu ko kashin tsuntsu ya jirkita launinsa ko warinsa, ya fita daga ruwan ibada, sai a kai shi gindin bishiya.