Fuskar Da Madubi Ba Ya Nunawa

A fadar Versailles ta ƙasar Faransa akwai wani dogon zaure mai madubai 357, wanda aka gina wa Sarki Luwis na 14 tsakanin 1678 da 1684. Duk wanda ya shiga, fuskarsa yake gani cikin ƙyallin zinariya. Fuskar waɗanda suka yi aikin kuwa, babu madubin da ya riƙe ta.

A wancan zamani, zaiba da kuza ake haɗawa a shafe bayan gilashi kafin ya zama madubi. Masu yi wa tagulla ado su ma sukan kwaɓa zinariya da zaiba, su gasa a wuta har zaibar ta tashi, zinariyar ta zauna. Tururin da ya tashi, ƙirjin maƙerin yake shiga. Hannu ya soma rawa, haƙora su zube, hankali ya rikice. Tun a 1700 wani likitan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya rubuta irin wannan wahala ta masu yin madubi a Murano, kusa da Venis. Ashe an sani, amma ciniki bai tsaya ba.

To, mai sayen madubin yana da laifi? Bai hura wutar ba, kuɗinsa ma ya ciyar da iyalin maƙerin, kuma da an daina saye, da yunwa ta riga zaiba kashe su. Wannan hujja tana da nauyi. Sai dai tana wanke wanda bai sani ba ne kawai. Wanda ya ji labari ya kawar da kai don kada adonsa ya yi masa ɗaci, ya riga ya zaɓi gefensa.

Littafi Mai Tsarki bai ƙi kyan aikin hannu ba. Littafin Fitowa ya ambaci Bezalel da Oholiyab da sunansu, ya nuna gwanintarsu baiwa ce daga Allah. Da madubin tagulla na matan da ke hidima a ƙofar alfarwa aka ƙera daron wanka na firistoci. A can an san mai aikin, an kuma san waɗanda suka ba da kayan.

Zinariya ba ta daina cin masu haƙo ta ba. A 2010, gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan Zamfara. Zinariyar ta tafi kasuwa, an narka ta, ta gauraya da sauran.