Kafin ka danna Enter, ɗana

Ɗana, tunda Alhaji ya damƙa maka kwamfutar kantinsa a Sabon Gari, ka san abin da ka riƙe. Littafin bashin da a da yake kullewa a akwati ne ya koma cikin manhaja irin Odoo: sunan mai tireda na Tibiri da ya ɗauki shinkafa, lambar wayar manomin Jiratawa da ya karɓi taki sai kaka, da abin da ya rage a kan kowa.

Na san ku yaran yanzu kun fi son baƙin allon nan, Bash ko PowerShell, inda ake rubuta umarni da hannu. Ban ga laifinku ba. Aikin da zai cinye wa magatakarda yini, layi uku sun gama shi: a zaro duk wanda bashinsa ya wuce wata biyu, a zuba a fayil ɗin CSV. Sai dai manhaja mai maɓallai takan tambaye ka ko ka tabbata kafin ta goge abu, shi kuwa baƙin allo yawanci ba ruwansa. Odoo a cikin rumbun PostgreSQL yake ajiye bayanansa. Ka shiga can kai tsaye, ka rubuta UPDATE, ka manta WHERE, to kowa da kowa ka sauya wa lissafi. Mai bashin jika ɗari biyar da mai bashin jika biyar sun zama ɗaya. Wanda aka ƙara wa zai zo da sassafe yana faɗa. Wanda aka rage wa fa, kana jin zai zo?

Saboda haka ka riƙa shiga da asusun da aka ba izinin karatu kawai. Ranar da gyara ya zama dole, fara ɗaukar kwafi da pg_dump. Sannan ka gwada sharaɗinka da SELECT, ka ƙirga layukan da suka fito. Ka buɗe da BEGIN, kada ka rubuta COMMIT sai idonka ya ga sakamako. Ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, rumbun zai koma yadda yake.

Kalmar sirri kuma, kada ka haɗa ta cikin layin umarni. Bash yana adana abin da ka rubuta a fayil ɗin .bash_history, yaron kanti da ya zauna bayanka zai iya karantawa. A PowerShell akwai Get-Credential, yi amfani da shi.

Sai fayil ɗin da ka zaro. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai sa ido a kai. Ko ba doka, dattijon da ake bin bashi ba ya son maƙwabcinsa ya ji. Kada ka tura wa aboki fayil ɗin ta WhatsApp wai ya taya ka dubawa. In Alhaji ya gani ya gamsu, goge shi daga kwamfutar, ka goge na filas ɗin da ke aljihunka.