Idan Alƙali Ya Ce Ka Ajiye Makulli

Ɗana, kai da ka tafi Ingila karatu ko aikin kula da tsofaffi, ka tara 'yan kuɗi ka sayi ƙaramar mota ta hannu, zauna mu yi maganar lasisinka. Na san inda ka taso. A gida, in jami'i ya tsayar da mutum a hanya ya ce ina lasisi, sai a fito, a gaisa da hannu biyu, a ce yallaɓai a rufa asiri, a tuna masa yau Juma'a ce. Sau da yawa maganar takan mutu a bakin titi. Wannan sabon nake tsoron ya bi ka can, inda abin da ke fara kama ka kyamara ce mai karanta lambar mota, ba ta amsa sallama balle ta ji magiya.

Su da maki suke lissafin laifi. Ka wuce gudun da aka ƙayyade, mafi sauƙi tarar fam 100 da maki 3. Ka riƙe waya kana tuƙi, tun 2017 fam 200 ne da maki 6, ko da a tsaye kake kana jiran danja ta ba da hannu. In maki ya kai 12 cikin shekara 3, kotun majistare za ta kira ka, kuma abin da aka saba shi ne a hana ka tuƙi na aƙalla wata 6. Kai kuwa igiyarka ta fi ta kowa gajarta. Lasisin Nijeriya wata 12 kawai yake yi maka aiki daga zuwanka, bayan nan sai ka ci jarrabawarsu. Da ka ci, in maki 6 ya hau kanka cikin shekara 2 na farko, hukumar DVLA da ke Swansea za ta soke lasisin, ka koma ɗan koyo. Ma'ana, kiran mahaifiyarka guda ɗaya da ka ɗaga a kan sitiyari ya isa.

To, a ce alƙali ya riga ya yanke. Motar na fake a ƙofar gida, makulli na rataye, sanyi na kaɗawa, aikin dare ya tashi, bas ta ƙarshe ta wuce. A nan zuciya take fara raɗa: nan da can ne kawai, minti goma, wa zai gan ka? Ka san cewa daga lokacin da ka tayar da motar nan laifinka ya sauya jinsi. Da, kai direba ne mai ganganci. Yanzu kai mutum ne da kotu ta ba umarni ya take. Sashe na 103 na dokar hanya ta 1988 ya ware wannan a matsayin laifi mai zaman kansa, kuma a Ingila da Wales hukuncinsa na iya kaiwa wata 6 a gidan yari, ga tara, ga yiwuwar a tsawaita haramcin. Ɗan sanda zai iya tafiya da kai ofis nan take. Alƙalan can sun fi jin zafin wanda ya koma tuƙi kwana kaɗan bayan hukunci, da wanda ya ɗauki fasinja ko yake tuƙin neman kuɗi, don haka "aiki za ni" da kake gani hujja ce, a wurinsu tana iya zama ƙarin nauyi.

Sai inshora, wadda yawancinku ba kwa tunawa da ita. Wanda aka hana tuƙi ba shi da inshorar da ta rufe shi, ko yana biyan kuɗinta duk wata. Laifi na biyu ke nan, kuma 'yan sanda na da ikon kwashe motar, in ba a karɓo ta cikin wa'adi ba a sayar ko a murƙushe ta. Wannan duk in Allah Ya kiyaye ba ka taɓa kowa ba. In ka buge mutum, akwai asusun da kamfanonin inshora suka kafa tun 1946 domin biyan waɗanda marasa inshora suka ji wa rauni. Za a biya mai haƙƙi, sannan a juyo kanka a nemi kuɗin. Jinyar wanda ya gurgunce a ƙasarsu ba abin da albashinka zai taɓa gamawa ba ne. Tun 2015 kuma, wanda ya ji wa wani mummunan rauni alhali an hana shi tuƙi zai iya shan shekara 4, wanda ya yi kisa shekara 10. Dokarsu ta 2007 ta ce baƙon da aka ɗaure wata 12 ko fiye, abin da ke biyo baya shi ne a mayar da shi ƙasarsu. Ko hukuncin bai kai haka ba, yana nan a rubuce, za ka ci karo da shi ranar sabunta biza ko neman zama ɗan ƙasa. Gonar da aka sayar aka biya maka kuɗin makaranta ba za ta dawo ba don an sauke ka a filin jirgin Abuja.

Kada ka ce ai dokar Nasara ce. Ka shiga ƙasarsu da alkawarin bin dokarsu, kuma ran da za ka ɗauka a kan titin Bradford rai ne. Malamanmu sun yi bayanin kisan kuskure da diyyarsa da azumin wata biyu a jere. Ni dai ban ga yadda wanda aka ce masa kada ya hau, ya hau, zai iya kallon iyalan mamaci ya ce tsautsayi ne ba.

Akwai waɗanda ke faɗawa ramin nan ba da niyya ba. Kun cika sauya ɗaki, ba kwa sauya adireshi a lasisi da takardar mota. Wasiƙa ta je tsohon gida tana tambayar wa ke tuƙi ranar kaza, an ba da kwana 28, ba amsa. Rashin amsar kansa maki 6 ne. Sammaci ya bi, shi ma can ya tafi, aka yi shari'a ba ka nan. Kana ta yawo da mota ba ka san an hana ka ba, kuma "wallahi ban sani ba" ba ta wanke mutum daga wannan laifin. Shafin gwamnati na intanet yana nuna maka makinka kyauta. Ka riƙa dubawa, kuma duk ambulan, fara ko ruwan ƙasa, da ta zo da sunanka, buɗe ta a ranar.

Wata dabarar da nake jin samari na yabawa ita ce a ba da sunan ɗan'uwa ya ɗauki makin. Chris Huhne minista ne a gwamnatin Birtaniya. Makin gudu na 2003 ya ɗora wa matarsa, asiri ya tonu bayan aure ya mutu, a 2013 aka yanke wa kowannensu wata 8. In minista bai sha ba, kai wa ka sani? Haka in abokinka da aka hana tuƙi ya zo aron mota: kunyar hana shi za ta jawo maka naka makin da taka tarar, domin barin marar inshora ya ja motarka laifi ne a kanka.

Magiya tana da wurinta, kuma wurin shi ne gaban alƙali, kafin ya yanke. Dokarsu ta yarda wanda makinsa ya cika ya nuna cewa hana shi tuƙi zai jawo wahalar da ta wuce misali, musamman ga wasu: mara lafiyar da kake kaiwa asibiti, ko yaran da ba mai kai su makaranta. Rasa aiki shi kaɗai ba kullum yake isa ba. Ka nemi lauya, ka je da takardu, ka sa tufafi masu mutunci, ka faɗi gaskiya domin rantsuwa za ka yi. In an karɓa, ba za ka sake kawo hujjar nan ba sai bayan shekara 3.

In ba a karɓa ba, sanar da kamfanin inshorarka, ka gaya wa shugabanka a wurin aiki tun kafin ya ji a waje, ka roƙi a sauya maka lokutan aiki zuwa sa'ad da bas ke tafiya. Motar kuma ka sayar, ko ka damƙa makullin ga wanda ba ya jin kunyarka. Ranar da wa'adi ya cika ma kada ka yi gaggawa: in haramcin ya kai kwana 56 ko fiye, sai ka nemi sabon lasisi tukuna, kuma in alƙali ya ce sai ka sake jarrabawa, to da takardar koyo za ka fara, da wani a gefenka.